Lamba Ɗaya, Ciki Daban: Nasiha ga Matasa Masu Sha'awar Farauta

Akwai maganar da takan fito daga bakin samari masu sha'awar daji, ko a Dougoï ta Marwa ko a unguwannin Garwa a arewacin Kamaru: "Ai duk kalibar duz ce, harsashin wannan zai ci a waccan." Rabin maganar gaskiya ne. Harsashin zai shiga, a ja kunama, ƙara ta tashi. Ɗaya rabin da ba a faɗa shi ne mai raba mutum da yatsunsa. Lambar 12 da aka buga a jikin bindiga faɗin bututunta kaɗai take nunawa, wajen milimita 18 da rabi. Ba ruwanta da zurfin mazaunin harsashi, balle shekarun ƙarfen ko tsatsar da ta daɗe tana cinsa ta ciki. Kama da wane dai ba ta wane.

Abin da ya ta da zancen a yanzu shi ne tsada. Harsashin kanti, irin na kamfanin MACC da ake yi a Pointe-Noire ta Kwango, ya fi ƙarfin aljihun saurayi, kuma bisa ƙa'ida ba a sayar da shi sai ga mai takarda. Sai dabara ta faɗo: a tsinci kwanson da aka riga aka harba, a sake cika shi. Wayar hannu ma ta ƙara zuga, don ga hotunan Turawa nan birjik, suna zaune gaban tebur suna cika harsashinsu da hannu hankali kwance. Saurayi ya kalla ya ce shi ma ai zai iya. Tarin ƙa'idar da ke bayan teburin nan ce ba a nuna masa a minti uku, kuma ita ya kamata ya fara sani kafin ya taɓa albarushi.

Masu wannan aiki ba su da nisa, duk rani sukan ratsa Garwa. Daga Janairu zuwa Afrilu baƙin mafarauta daga Turai da Amurka kan sauka su nufi yankunan farautar da gwamnati ta yanka ta ba da haya kewaye da gandun dajin Binuwai mai faɗin hekta 180,000, da na Faro mai 330,000, da na Buba Njida mai 220,000. Ɓauna suke nema da gwanki da kanki, amma babban abin da ke kawo su shi ne ƙaton naman nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira eland na Derby. Kamfanonin jirgin sama ba sa barin fasinja ya ɗauki harsashi fiye da kilo 5, saboda haka kowane ɗaya a ƙirge yake, kuma wasu daga cikin baƙin da hannunsu suka cika nasu a gida.

Duk yaron sansanin da ya taɓa sauke kayan irin wannan baƙo ya ga akwatunan. 'Yan ƙanana ne na roba, kowane harsashi a tsaye cikin raminsa, a murfin kuma an manna takarda: sunan bindigar, ranar da aka cika, irin albarushin da nauyinsa, nauyin kan harsashin, da sau nawa aka taɓa harba kwanson. A ce uba da ɗa ne suka zo da karabin biyu, wato bindiga mai zare a cikin bututu, kowace an rubuta mata .375 H&H, samfurin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912. Lamba ɗaya ce, amma akwati biyu za a gani, wani lokaci har launinsu daban don kada hannu ya yi kuskure a duhun asuba. Uban ba ya ɗaukar na ɗansa, ɗan ma ba ya taɓa na uban, kuma ba rowa ce ta kawo haka ba.

Dalilin yana cikin tagulla. Kwanson karabin na tagulla ne, a lokacin harbi yakan kumbura ya manne da bangon mazauninsa, sannan ya ɗan saki, amma ba ya komawa yadda yake da fari. Ya ɗauki siffar cikin wannan bindigar ke nan. To, da wuya a sami mazauni biyu da suka zo daidai wa daida, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su a wata ɗaya, domin ƙarfen da ake huda su da shi yana cinyewa a hankali, kuma ƙa'idar ƙira kanta ta bar ɗan sarari tsakanin mafi matsi da mafi yalwa. Kwanson da ya fito daga bindiga mai yalwar ciki, in wuyansa kawai aka matse aka sake cika shi, zai koma inda ya fito lafiya lau. A kai shi ga 'yar'uwarta mai matsattsen ciki, sai sakata ta ƙi rufuwa. A filin gwaji wannan abin haushi ne kurum. A gaban ɓaunan da aka yi wa rauni, cikin ciyawar da ta shanye tsawon mutum a bakin kogin Faro, maganar rai ce.

Don haka mai bindiga biyu masu lamba ɗaya hanya biyu gare shi. Ko ya raba musu kwanso tun ranar farko, kowace da nata har su ƙare, ko ya matse kwanson gaba ɗayansa ya mai da shi girman kanti yadda zai shiga kowace, sannan ya tsaya a kan cikin da wadda ta fi raki a cikinsu za ta ɗauka. Hanya ta biyu ta fi sauƙin sha'ani, sai dai tana gajiyar da tagulla. Yau a kumbura, gobe a matse, jibi a sake kumbura, wata rana sai kwanson ya tsinke daf da gindi ya bar rabinsa a ciki. Tsohuwar .303 ta Ingila, wadda dattawa suka sani a kafaɗar 'yan sandan Najeriya, ta yi suna wajen cin kwanso haka, saboda da gangan aka yi mata ciki da yalwa don ta karɓi harsashi ko da ƙura ko laka a fagen fama.

Sai kuma maƙogwaro, wato ɗan filin da ke tsakanin bakin kwanso da inda zaren cikin bututu ya fara. Wuta tana cinsa, yana ƙara tsawo da yawan harbi. Harsashin da aka bar kansa ya ɗan miƙo don ya dace da tsohuwa mai dogon maƙogwaro, in ya shiga sabuwa sai kan ya dunguri zare tun ba a harba ba, matsin ciki ya yi tsalle.

Matsin nan kuwa ya wuce yadda ake zato. Tayar mota ana hura mata iska bar 2 zuwa 2 da rabi. Iyakar da hukumar gwajin bindigogi ta CIP, wadda aka kafa a 1914 kuma yawancin mambobinta ƙasashen Turai ne, ta sa wa .375 H&H bar 4,300 ce, kuma duk wannan ƙarfi yana tashi ne cikin ƙiftawar ido, taƙi ɗaya daga fuskar mai harbi. Shi ya sa masu cikawa ba sa awo da ido ko da cokali. Sikelinsu yana rarrabe abin da bai kai miligiram 7 ba. Littafi suke bi, wanda masu yin albarushin da masu yin kan harsashin suka buga bayan gwaji a ɗakin bincike. Sukan fara ƙasa da iyaka da wajen kashi 10 cikin 100, su riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan suna duba kwanso bayan kowane harbi, da sun ga alamar wahala su ja baya. Wannan aiki kuma kowace bindiga sai an yi mata nata daga farko. Abin da ya zauna lafiya a ta farko ba ya zama shaida a kan ta biyu.

Ga kuma zafi, wanda ba a koya wa mutumin Marwa. Albarushi yakan ƙara kaifi in ya ɗumama. Harsashin da aka gwada a sanyin Jamus, ya zo ya wuni a bayan mota a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya tashi daga wanda aka gwada. Turawan Ingila sun gane haka tun farkon ƙarni na 20, sa'ad da albarushinsu mai suna kodayit ya riƙa manne musu kwanso a Indiya da Afirka. Sai suka riƙa rage cikin harsashin da za a kai ƙasashe masu zafi, suka kuma ƙera manyan kwanso masu sassaucin matsi irin .416 Rigby ta 1911.

Wanda har yanzu yake ganin lamba ta isa shaida, ya dubi abin da ya faru a Jamus. Harsashin sojansu na milimita 8 ya fara ne da kai mai kaurin milimita 8.08, a 1905 suka koma mai 8.20. Bambancin milimita 0.12 ne, ido ba ya kama shi. Amma masu ƙera bindigar farauta sun ci gaba da yin matsattsen bututun shekaru da yawa bayan haka, kuma har yau tsofaffin suna hannun jama'a, duka biyun ana ce musu 8x57. Harafin S kaɗai ke raba su. Wanda ya tura mai kaurin cikin matsattsen bututu ya ɗora wa ƙarfe nauyin da ba a yi shi dominsa ba.

To amma karabin ba ita ce bindigar gidajen Marwa da kewayenta ba. Ta gida ita ce kalibar 12, ko Simplex mai baki ɗaya ta Saint-Étienne da kaka ya bari, ko Baikal ta Rasha. A nan tarkon yana wajen tsawo. Akwai mai mazaunin milimita 65, akwai 70, akwai 76, kuma tsawon da ake nufi na kwanson ne bayan bakinsa ya buɗe, ba yadda yake a hannu kafin harbi ba. Saboda haka harsashin 76 zai zauna daram a mazaunin 70, a rufe bindiga ba gardama. Sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa ya ƙuntata wa dalma hanya. Ga shi kuma dama an yarje wa na 76 ya kai bar 1,050, alhali na 70 iyakarsa 740. Tsofaffin bindigogin Faransa da Ingila da yawa ma 65 ne. Lambar tana nan a buge a jikin bututu, sau da yawa ta ƙasa inda katako ya rufe. Samari nawa ne suka taɓa cire katakon gaba suka karanta?

Gidan da aka haɗa kalibar 12 da kalibar 20 kuwa, nasa haɗarin daban ne. Harsashin 20 in aka jefa shi cikin 12 sai ya zurma ya maƙale a gaba kaɗan. Mai bindiga ya leƙa ya ga mazauni fayau, ya zaci bai ɗura ba, ya sa na 12 a bayansa. Abin ya faru sau da yawa har masana'antun Amurka suka mai da kwanson 20 rawaya don a gane shi da kallo ɗaya.

Cika kwanson kalibar 12 ma ƙa'idarsa ta fi ta karabin tsanani, abin da ke ba mutane mamaki. Littafin yakan ambaci irin kwanson da sunansa, da irin ɗan maɓallin wutar da ke gindinsa, da irin toshiyar da ke raba albarushi da dalma, kuma sauya ɗaya daga ciki sauya matsi ne. Sai a kwatanta da abin da ake yi a bayan ɗaki: kwanson roba da aka tsinta a daji rana ta gama gasa shi, albarushin da ba wanda ya san sunansa an saye shi a ƙullin leda, tsumma a madadin toshiya, gutsattsarin ƙarfe a madadin dalma. Wanda ya haɗa wannan bai san abin da ya haɗa ba, ko da ya harba goma sun tashi lafiya. Na sha ɗayan ba ya aiko da sallama.

Turawa ma sai da bututu suka sha fashewa a hannun mutanensu kafin suka kafa gidajen gwajin bindiga: Landan a 1637, Liège ta Beljiyam a 1672, Saint-Étienne a 1782, Birmingham a 1813. Aikin gidan shi ne a ɗura wa sabuwar bindiga ciki fiye da wanda za ta taɓa ɗauka a rayuwarta, a harba ta ba kowa kusa, in ta tsira a buga mata hatimi. A yau karabin ana gwada ta da matsin da ya haura iyakarta da kashi 25 cikin 100. 'Yan ƙananan tambarin nan da ke kusa da gindin bututu, waɗanda wasu ke ɗauka ado ne, su ne shaidar.

Bindigar toka ba ta da wannan hatimi. Ba baƙuwa ba ce a ƙasashen tafkin Chadi, don tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya kafa rundunar 'yan bindiga da taimakon Turkawa, kuma maƙeran yankin sun gaji basirar da ba a raina ta. Sai dai ƙarfen da ke zuwa hannun maƙeri shi ne abin da ya samu: sandar sitiyarin mota in an yi sa'a, bututun ruwa in ba a yi ba, shi kuwa bututun ruwa yawanci ɗinkin walda gare shi daga sama har ƙasa. Babu biyu masu kauri ɗaya, babu biyu masu faɗi ɗaya. Kowace harba-ruga ita kaɗai ce irinta a duniya.

Tsofaffin maharba sun san wannan ba tare da sun ji sunan CIP ba. A dubi jakar dattijon maharbi: ga gorar albarushi, ga ɗan ma'auni na ƙaho ko na gora da ya yi baƙi don shan hannu, ɗaure da igiyar fata a jikin jakar wannan bindigar. In yana da bindiga biyu, ma'auni biyu ne. Sandar ɗurinsa tana da tsaga da ya yi da wuƙa, in ya zura ta cikin bututu ya ga inda tsagar ta tsaya ya san ko bindigar a ɗure take ko wofi. Ba ya zuba albarushi kai tsaye daga gora, don kada wani ɗan garwashin da ya saura a ciki ya kama gorar gaba ɗaya a hannunsa. In ɗan ƙanwarsa ya ce, "Kawu, ara mini ma'auninka in gwada a tawa mana," amsar ba ta da tsawo: "A'a ɗana, wannan na wannan ce. Taka ba ta san shi ba." Yaro yakan tafi yana gunaguni, yana cewa tsoho da camfi. Alhali abin da dattijon ya yi shi ne daidai abin da baƙon nan mai akwati biyu ya yi, bambancinsu takarda da biro.

Kuskuren da ya fi kowane muni na 'yan zamani ne, tsofaffi ba su cika yinsa ba. Albarushi iri biyu ne. Akwai baƙi mai hayaƙi, na bindigar toka, wanda ake aunawa da ma'auni. Akwai marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, shi ne ke cikin duk harsashin kanti na yau, kuma da sikeli ake auna shi saboda ƙarfinsa ya ninka na farkon. Saurayi ya fasa harsashin kanti ya juye cikinsa a bindigar toka don ta "ƙara nisa", ko ya gauraya biyun, ya mai da bututun bam ke nan, kuma hannunsa na hagu yana riƙe da daidai wurin da zai tsage. Babu wani adadi, komai ƙanƙantarsa, da za a ce ya yi daidai a nan. Masu ƙera bindigar ɗuri ta zamani a Amurka, da ƙarfensu mai kyau da gwajinsu, sukan buga wannan gargaɗi a jikin bututun kansa.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta ƙara. Hayaƙin baƙin albarushi yana barin gishiri-gishiri mai jan laima, in ba a wanke bututu ba tsatsa za ta yi ta ci ta ciki, can gindi inda ido ba ya kaiwa kuma inda matsi ya fi yawa. Bindigar da ta ɗauki ma'auninta bara ba lalle ta ɗauke shi bana ba. Sannan ga zanzaro. Bindiga ta kwana damina a rataye a bango, zanzaro ya shiga bakinta ya yi gininsa na laka, kaka ta yi mai ita ya sauko da ita ya fita. Ɗan ginin nan ya isa ya kumbura bututu ko ya tsaga shi. Haka in bakin bindiga ya caki ƙasa wajen tsallake rafi. Leƙa bututu kafin a fita ba ya cin minti ɗaya.

Kada a ce sai mai farauta. 'Yan bindigar da ke raka hawan Lamiɗo ranar Salla ba sa sa dalma, albarushi ne da toshiya kawai, amma gasar wa ya fi ƙara takan sa yaro ya ninka ciki ya danna shi da ƙarfi. Duk wanda ya lura zai ga gogaggun cikinsu suna miƙa bindiga nesa da fuska kafin su harba. Sun san abin da ke hannunsu.

Dalmar kanta guba ce, kuma wannan ɓangaren ya fi shafar waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. Mai neman dalmar ɗuri yakan fasa tsohon batirin mota ya narka a tsakar gida, a kan murhun da za a ɗora tuwo an jima. Ƙurar tana sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe. A Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda dalmar tsofaffin batura da ake sarrafawa a unguwarsu. A Zamfara a 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400. Wanda ta bari da rai ma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, ba kuma a warkewa sarai.

Sai maganar hukuma, wadda saurayi ya fi son a tsallake. Marwa ba ta koma yadda take ba tun hare-haren ƙunar baƙin wake na 22 da 25 ga Yuli 2015. Doka mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ta sa ƙera makami da harsashi, da sayensu, da ajiye su, duk a ƙarƙashin izinin gwamnati. A Afrilun 2018 ministan harkokin cikin gida Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da bindigogi da harsashi a jihohi shida, har da Adamawa maƙwabciyar jihar Arewa. A irin wannan yanayi, jandarman da ya buɗe jakar saurayi a shinge tsakanin Marwa da Mora ya ga ƙullin albarushi da kwanso ashirin, ba zancen zabo da zomo ne zai fara zuwa masa ba. Bayanin "ai na farauta ne" sai a gaban alƙali, bayan an kwana nawa a tsare.

Dokar daji ma ba ta goyon bayan abin da mutane da yawa ke kira gado. Ta 20 ga Janairu 1994 ta hana farauta da bindigar toka, ta hana ta dare da fitila, ta hana ta cinna wa daji wuta, kuma ƙa'idar da ta biyo bayanta a 1995 ta ce farautar gargajiya ita ce wadda aka yi da kayan da aka haɗa daga itace da tsiro. An yi sabuwar doka a Yulin 2024 da ta maye gurbinta, saboda haka mai niyyar shiga daji ya fara biyawa ta ofishin ma'aikatar gandun daji ya ji abin da ke kansa. Ana iya jin haushin cewa baƙo mai kuɗi yana harbin ɓauna da takarda a dajin da ɗan ƙasa ba ya iya shiga, kuma haushin yana da tushe. Amma bututun da ya fashe ba ya gyara wannan rashin daidaito, ɗaurin kurkuku ma haka.

Dajin kansa ya rame. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka a arewacin Kamaru ta yi zamanta na ƙarshe, an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. A farkon 2012 mahaya ɗauke da bindigogin yaƙi suka shigo Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye. Ba maharbin ƙauye ne ya yi wannan ba, gaskiya ne. Sai dai harsashin da aka cika da ka yana da tasa ɓarnar: yau ya yi ƙarfi, gobe ya yi sanyi, sai ya raunata mariya ko gada ta gudu ta mutu a ƙaya bayan kwana uku, ba ta shiga tukunyar kowa ba. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san hukuncin Malikiyya: farauta don buƙata halal ce, don wasa kuwa makaruhi. Wahalar da dabba a banza ba ta cikin buƙata.

Saurayin da daji ke kiransa da gaske yana da ƙofa a kusa. Makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, ta horar da ma'aikatan gandun daji daga ƙasashen Afirka masu yawa, kuma tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce daga Dougoï. Gandun Waza mai hekta 170,000 yana buƙatar masu gadi da masu raka baƙi. Sansanonin farauta na kudancin Garwa ba sa motsi sai da masu bin sawu, mutanen da za su dubi ƙasa su faɗi ko namiji ne ya wuce ko mace, da safe ko da dare. Wannan ilimi yana wajen kawunnai da kakanni, kuma yana tafiya da su kabari ɗaya bayan ɗaya saboda samari sun fi tambayar yadda ake cika kwanso a kan yadda ake karanta sawu.

Wanda ya gaji bindiga a gida, ya fara neman takardarta kafin ya nemi harsashinta. Ya karanta abin da aka buga a jikin bututu, ya sayi harsashin kanti mai tsawon da ya dace da ita, ya ajiye na kowace bindiga daban, a kulle, nesa da yara da rana. Kwanson da aka harba ya bar shi a matsayin shara, in aboki ya miƙo masa wanda aka cika a gida ya ce ya gode, ya mayar masa. Iyaye da kawunnai kuma, masu tsofaffin bindigogi a ƙarƙashin gado, su zaunar da yaran nan su nuna musu dalilin kowace ƙa'ida tun kafin su je su koya a waya.